Layin Gawayi a Bangon Zaure

Yaya ya rasu a daminar shekarar da aka kawo mana naira ashirin ta leda. Idan kun tuna, shekarar da ta gabace ta aka yi ƙidaya, kuma bayan an gama ƙidayar da kwana kaɗan rana ta yi husufi da hantsi har kaji suka nufi akurki. To tsagar da ke bangon zaurenmu ta girmi husufin nan da damina ɗaya, ita kuma gobarar babbar kasuwa ta girme ta da shekara uku. Na jera waɗannan ne don kada gobe wani ya ce tsohuwa ta rikice. Ban taɓa shiga aji ba, amma ban taɓa ɓatar da shekara ba.

Ranar da aka kai shi, layinmu bai ɗauki mutane ba. Mahauta sun taso daga Abattoir ko kayan aiki ba su tuɓe ba, suna riƙe da hannun tsohon sarkin fawarsu da ya makance, abokin Yaya tun suna samari. Matan da ke fasa tsakuwa a bakin hanya suka shigo cikin gida da tsummoki ɗaure a yatsu, suka zube a tsakar gida suna kuka da yarensu. Wani Ibo mai sayar da siminti a Laranto ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, ya ƙi zama, yana ta maimaita wa duk wanda ya wuce cewa bayan an ƙone masa shago a rikicin farko kowa ya ce ya rushe, Baba ne ya zo ya ƙwanƙwasa bangon ya ce uku za su tsaya, ɗaya ne ya mutu. “Har yau bangon tana nan, Mama,” in ji shi. “Ko taro bai karɓa ba.” Waɗannan duka na karɓi gaisuwarsu da hannu biyu.

Ranar sadakar uku mutanen jami'a suka zo da motoci. Ba don Yaya suka zo ba, don Dakta suka zo. Dakta ɗan farina ne. Tun da aka yaye shi Yaya ya ɗauke shi, tun da Allah bai ba shi ɗa namiji ba, shi ya yi masa kaciya, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aure. Ni kuwa, kamar yadda aka rene mu, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ko zazzaɓi yake yi sai dai in tambayi wani yaya mai jiki. Shekara hamsin da ɗaya muna haka.

Ina bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida na ji wani mai tabarau a cikinsu yana cewa, “Ashe marigayin shi ne dattijon nan da ke taya ku ɗaukar bulo a ɗakin gwaji?” Dakta ya ce shi ne. Na tsaya ina jiran sauran maganar. Babu saura. Sai wani ya ɗaga kai ya ga tsagar bango da baƙin layin gawayi a gefenta, ya ce gidan injiniya guda bai kamata a ga wannan ba, a yi masa filasta kafin arba'in. Aka yi dariya kaɗan irin ta masu takalmi, aka shafa fatiha, aka tashi.

Mai ɗaukar bulo! Bari in gaya muku wanda suka kira haka.

Yaya ya shiga ramin kuza tun lokacin ɗiban gwamna, da ake kwasar mutane aikin dole, yana ɗan shekara goma sha huɗu, a madadin mahaifinmu da ke fama da tari. Daga ɗaukar kwano ya koma wajen masu nakiya. Da kuza ta mutu ya koma fasa dutse, kuma babu unguwa a garin nan da ba a kafa harsashin gida da dutsen da ya fasa ba. Yadda yake aiki kowa ya sani. Sai ya zagaya dutse sau biyu ko uku hannu a baya, kamar mai neman aure ya zo ganin gida. Ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ya kara kunne. Sannan ya ciro gawayi daga aljihu ya ja layi, ya ce nan za ta bi. A hura wuta a kan dutsen, a kwara ruwa, a kafa ƙarafa a yi ta duka, kuma in dutsen ya buɗe sai ka ga gawayin rabi a wannan ɓari rabi a wancan. Aljihun rigarsa na dama kullum baƙi ne. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta yi faɗa har ta gaji ta ɗinka masa aljihu na baƙin yadi.

Yana da maganar da yake yi har yara suka haddace. Ya ce tsaga ragguwa ce, ba ta hawa tudu in akwai gangare, ba ta ratsa tsakuwa in za ta iya kewaye ta. In kana son sanin inda za ta, kada ka dube ta, dubi inda ya fi taushi a gabanta. Ya kuma san yadda ake tsayar da ita. A daidai bakinta, inda ta yi siriri kamar gashi, yake huda ɗan rami, in ta iso nan sai ta rasa tsinin da za ta ci gaba da shi. Da haka ya ceci kwamin shan ruwan shanu a wata gona ta wajen Vom, da dutsen niƙan uwarmu, da tukwanen ƙarfe na masu tuwo ba adadi. Sarkin fawa kan tsokane shi ya ce mutumin da ke raba dutse biyu amma bai taɓa raba goro daidai ba, kullum ɓarin da ya fi girma nasa ne. Yaya ya ce ai goron ne ya san mai shi.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai irin na jakin da ya ga gada, kuma in ya yi fushi shiru yake yi, shirun da ya fi zagi ciwo. Mun taɓa wata biyu ba ma magana a kan auren 'yarsa ta biyu, a gida ɗaya, ina dafa masa abinci yana ci yana aiko yara da kwano.

Shekara ɗaya bayan gobarar kasuwa Dakta ya zo masa da magana. Yana karatun da zai zama Dakta ɗin ne a lokacin, kuma aikinsa shi ne ya koya wa kwamfuta ta riƙa faɗin inda tsaga za ta bi a jikin siminti tun kafin ta bi. Matarsa, surukata, malamar firamare ce mai haƙuri, ita ta warware mini yadda abin yake. Sukan zuba siminti su yi fale-falen bulo kamar faranti, su ɗan tsaga gefe, su sa a injin matsa har ya dare. Su ɗauki hoto kafin da bayan. Sai a nuna wa kwamfuta na kafin, ta yi hasashe ta ja layinta, a nuna mata na bayan ta ga kuskurenta, ta gyara, a kawo wani. Haka ɗari bisa ɗari har hannunta ya faɗa. Na ce ashe yadda ake koya wa yarinya tuƙin tuwo ne, ta yi gudaji a sa ta sake. Ta ce haka ne, Inna, sai dai ita wannan ba ta kuka.

Wata shida suna yi, kwamfutar tana ja musu layi kamar tafiyar mashayi. Ranar da Dakta ya kawo bulo biyar gida yana huci, Yaya ya jera su a zaure, ya shafa kowanne da tafin hannu, ya ja musu gawayi. Aka kai aka matsa, huɗu suka bi layinsa. Daga ranar mota take zuwa ɗaukarsa duk Talata da Alhamis. Shekara biyu. Mutum mai shekara saba'in da 'yan kai, da ciwon gwiwa, ya sa farar riga ya tafi ya dawo da ita toka-toka.

Shi ya tambaye su me suke gaya wa 'yar makarantar tasu, don haka yake kiran kwamfutar. Suka ce nauyin da aka ɗora, da kaurin bulo, da tsawon tsagar farko. Ya ce shi ke nan? Kun aiki makauniya kasuwa ba sanda. Ku gaya mata inda tsakuwa ta taru da inda yashi ya yi yawa, ku gaya mata gefen da ya sha rana da wanda ya bushe a inuwa, ku gaya mata ko bulon ya kwana da laima. Suka nemo hanyar auna waɗannan ɗaya bayan ɗaya suka zuba mata. Nan ta fara gani. Ya dawo wata Alhamis yana dariya ya ce mini yau 'yar makaranta ta riga shi a bulo biyu, kuma ta yi daidai. Wallahi murna yake yi, kamar jikarsa ce ta yi sauka.

Da aka gama aka buga littafi mai baƙin bango. Dakta ya kawo ya ajiye a gaban Yaya, Yaya ya shafa shi ya sa albarka. Bayan ya fita na ce wa surukata ta karanta mana shafin godiya, don na ji an ce akwai. Ta fara, tana juyawa da Hausa. An gode wa ogansa. An gode wa wani Bature da ya aiko da takardu. An gode wa mai buga rubutu, an gode mata ita da yara. Sai ta tsaya. Na ce ci gaba. Ta ce, da ma'aikatan ɗakin gwaji da leburori da suka taimaka. Na ce sai me? Ta ce shi ke nan, Inna.

Na dubi Yaya. Yana ta juya gawayi a yatsunsa. Ya ce, “To ai leburan ne ni.” Ya tashi ya yi alwala. Har yau ban yafe masa wannan shirun ba. Shi ke da bakin yi wa yaron nan faɗa, ni ba ni da shi, kuma ya san haka.

A daminar shekarar ce bangon zaure ya tsage, daga kusurwar ƙofa ta sama, tsawon taƙi ɗaya. Dakta ya zo da abin awo da na hoto, bayan mako ya dawo da takarda, kwamfuta ta zana: tsagar za ta miƙe sama, ta kai ga linta ta tsaya, ba abin damuwa. Ya manna takardar a bango da alfahari. Yaya ya ciro gawayi daga aljihu. Ya hau turmi, ni na riƙe masa, ya ɗora gawayi a bakin tsagar. Ya ja sama kamu ɗaya tare da layin takardar, sannan ya karya kwana ya yi gabas, ya gangaro da shi har ƙasa a kusurwar da ke wajen kwata.

Dakta ya ce, Baba, tsaga ba ta yin haka, nauyi daga sama yake. Yaya ya ce wannan ba daga sama ake danna ta ba, daga ƙasa ake janta. Dakta ya yi 'yar dariya ya ce lissafi ba ya ƙarya, kuma an gwada shi a bulo fiye da yadda mutum zai iya gani a rayuwarsa. A gaban yara ya faɗi haka. Yaya ya sauko daga turmin ya kakkaɓe hannu.

“Kada wanda ya taɓa bangon nan,” ya ce. “Ba filasta, ba fenti. Ni ma ba zan huda mata baki ba. A ba ta damina uku, ta faɗi wanda ta sani a cikinmu.”

Ni na san abin da ya sani, don ina nan aka gina zauren, shekarar da motoci suka koma bin dama. A wannan kusurwar akwai tsohon ramin masu haƙar kuza, zurfinsa ya fi gaba biyu. Yaya ne ya cike shi da hannunsa, da ɓaraguzai da jar ƙasa, yana cewa wata rana zai nemi bashinsa. Dakta yana makarantar kwana lokacin. Da ya tambaya da an gaya masa. Bai tambaya ba, Yaya kuma taurin kai ya hana shi faɗa, ni kuma kunya ta ɗaure mini baki. Mu uku muka zauna a kan magana ɗaya kamar kaji a kan ƙwan da ya lalace.

Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya hau turmi ya ɗiga gawayi a inda tsagar ta kai. Damina ta farko ta hau sama, tana bin layin da su biyu suka yarda da shi. Ta biyu ta iso daidai kwanar ta tsaya, wata da watanni ba ta motsa ba. Dakta ya daina shigowa ta zaure, ya koma bin ƙaramar ƙofa. Ta uku tana farawa Yaya ya kwanta. Ranar Juma'ar ƙarshe ya miƙo mini gawayin daga aljihunsa ya ce in hau in duba. Na hau turmi da tsufana. Na dawo na ce masa ta karya, ta yi gabas da faɗin yatsa biyu. Ya rufe ido ya ce, ragguwa. Ran Litinin ya cika.

To wannan layin ne aka ce a shafe kafin arba'in. Mutumin da bai bar littafi ba, bai bar hoto ba sai na katin shaida, rubutunsa ɗaya a duniya shi ne wannan, kuma a kansa ake gardamar ko ya san aikinsa ko ɗan dako ne. Na aika surukata ta gaya wa mijinta a bar bangon. Ta dawo ta ce ya ce haɗari ne, kuma manyan baƙi za su zo. Na sake aikawa. Ya ce a gaya wa Inna ta yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Na aika wa sarkin fawa, ya zo da sandarsa ya yi magana, aka ba shi lemo aka raka shi.

Saura kwana uku arba'in, da hantsi, na ji ana sauke yashi a ƙofar gida. Na fito na tarar da birkila ya kwaɓa siminti, ya ɗauko tsumma da bokiti zai fara wanke bangon. Dakta yana tsaye a waje yana waya. Na jawo turmin nan na kafa shi a gindin bango na zauna, na jingina bayana da layin. Birkila ya ce, Hajiya, a ɗan gusa. Na ce ya zuba simintin a kaina in ya iya, ni da bangon tare muka tsufa.

Dakta ya shigo. Ya tsaya nesa kamar yadda ya saba, ya dubi ƙasa, ya ce wa matarsa ta ce wa Inna ta shiga ciki.

Sai na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ina bayan labule ina jego, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Na kira shi cikakke, da ƙarfi, har masu sauke yashi suka tsaya. Surukata ta dafe baki. Shi kuwa wayar ta zame daga hannunsa.

“Ɗaga kai ka dubi bangon nan,” na ce. “Ba ni za ka duba ba. Shekara guda kana bin ƙofar baya don kada ka gan shi. Ka koya wa ƙarfe ya ga kuskurensa ya gyara, kai wa zai koya maka?”

Ya ɗaga kai. Ruwan arba'in ɗin nan bai zauna banza ba. Tsagar ta yi gabas fiye da kamu biyu, ta fara gangarowa, tana tafe a cikin gawayin kamar an yi mata hanya, ɗigon Yaya a sama, nawa a ƙasa, don ban fasa ko Juma'a ɗaya ba. Takardar kwamfuta tana nan manne a gefe ta yi ja, layinta ya miƙe sama inda babu ko gashin tsaga. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya bi layin har ƙasa, ya tsuguna a kusurwar, ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, me ke ƙarƙashin nan. Na gaya masa ramin, da zurfinsa, da shekarar, da abin da aka cike shi da shi. Karo na farko ke nan da ni da shi muka yi magana ta kai jimla biyar.

Ya sallami birkila. Ya sa aka kawo ƙarafa biyu aka tokare bangon ta waje, ya hana yara wasa a wajen, kuma a nan na ba shi gaskiya, don ban ce bangon ba zai faɗi ba. Baƙin arba'in a ƙarƙashin tsagar suka zauna. Da mai tabarau ya sake ɗaga kai, Dakta ya miƙe ya gaya musu wanda ya ja layin, da wanda ya gaya musu abin da za su auna lokacin da kwamfutarsu take makauniya. Na ji ta bayan ƙyaure. Ya kai maganar har ƙarshe. Sarkin fawa ya ce a kai hannunsa ya taɓa, aka kai, ya shafa ya ce ko a nan ma ɓarin da ya fi girma nasa ne.

Bayan mako biyu Dakta ya zo da sabuwar takarda. Ya gaya wa kwamfutar ramin, ya ba ta misalan ƙasa mai zaftarewa ta yi ta koyo, sai ga shi ta ja layi ya karya gabas ya gangara kusurwa, bambancinsa da na Yaya bai kai faɗin tafin hannu ba. Ya zaci zan yi murna. Na ce ashe ita ma da an gaya mata da ta ji. Mutumin yana zaune a zauren nan damina biyu da bakinsa da hankalinsa, me ya hana a tambaye shi? Dakta ya naɗe takardarsa. Littafin mai baƙin bango kuma yana can a jami'a yadda yake, ya ce ba a sake buga irinsa, leburori suna nan a shafinsu. Shi ya sa na ce ya kawo takarda da alƙalami ya zauna. Duk abin da kuka karanta ɗin nan da hannunsa ya rubuta, ina faɗa yana rubutawa, surukata tana karanta mini don kada a rage. Ya roƙi a cire zancen wayar da ta faɗi. Ga shi nan ba a cire ba.

Allah ya ji ƙan Yaya, ya yafe masa shirunsa, ya sa kabarinsa ya fi duk harsashin da ya kafa ƙarfi. Cikin waɗanda suka ga an cike ramin nan, saura ni da sarkin fawa, shi kuma ba ya gani. Cikin matan da suka fara fasa tsakuwa a hannunsa saura biyu, ɗaya ta koma ƙauye. Ibo mai siminti yana nan da bangonsa uku. Tsagar ma tana nan da ranta, saura taƙi ɗaya ta kai ƙarshen layin. Ranar da ta kai, Dakta zai tone kusurwar ya yi gyaran da ya dace, ya ce ya iya. Kafin nan gawayin yana hannuna, kuma jibi Juma'a.